Hattara da mai gyaran kibod ɗin tsoffin kwamfutoci a Kaduna

Jama'a, musamman masu ajiye tsoffin kwamfutoci irin su Commodore 64 da ZX Spectrum, akwai wani mutum da ke tallar kansa a Facebook da WhatsApp, yana cewa shi gwani ne wajen gyaran kibod ɗinsu. Ba shi da shago. A bakin titi yake haɗuwa da mutum, yau ya ce Kawo, gobe ya ce Tudun Wada, ya karɓi na'ura da kafin alƙalami ya tafi.

Wani abokina ya gaji Commodore 64 daga mahaifinsa, wanda ya zo da ita daga Ingila lokacin da ya je karatu. Maɓallai kaɗan ne suka daina amsawa. Mutumin ya duba sama-sama ya ce: "Yallaɓai, kibod ɗin ya mutu, sai an yi odar wani daga waje." Ya karɓi kuɗin oda. Da ya dawo da ita kibod na aiki lafiya lau, amma tsohon nan da aka ba shi ne, har da tabon da ke kan maɓallin RETURN. Wanke shi kawai ya yi. Kuɗin oda ma ba shi ne babbar asarar ba. Da aka sa wasa sai hoto ya fito, sauti babu. Aka kwance sukurori ukun da ke ƙasa, sai ga gurbin aisin sauti (IC, ɗan guntun kayan lantarkin da ke fitar da sauti) fanko.

Wannan aisin, SID mai lamba 6581, shi ne abin da yake farauta. Kwamfutar ta fito a 1982, kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994, ba a kuma ƙera na asali yanzu, shi ya sa masu tara tsoffin kaya suke sayensa da tsada. Abin takaicin, na'urar tana tashi ko babu shi, shuɗin allon nan ya fito da READY kamar ba abin da ya faru. Wanda ya gwada rubutu kaɗai zai biya har ya yi godiya.

Shi kuwa ciwon kibod ɗin, yawanci ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba da lantarki ke bi ta cikinta, wadda ke taɓa allon lantarkin da ke ƙasan maɓallan. Ƙurar hunturun Kaduna ta shekara da shekaru ce ke toshe wurin. Auduga da sifirit sun wadatar, sai haƙurin kwance ƙananan sukurori da cire dalmar wayoyi biyu na SHIFT LOCK. Idan rukunin maɓallai ne suka mutu tare, a nan ake zargin waya ko aisin da ke karanta maɓallai, CIA 6526. Ita Spectrum mai maɓallan roba 40, siririyar ledar da ke ƙarƙashinsu ce ke bushewa ta tsage a wutsiyoyinta biyu da ke haɗa ta da na'urar, kuma har yau ana buga sabuwa. Duk wanda ya ce sai ya kwana da na'urar gaba ɗaya saboda wannan, a tambaye shi dalili.

Kibod ɗin Commodore 64 da soket guda yake haɗe da babban allon lantarkin cikin kwamfutar. Zare shi, ka kai shi shi kaɗai, ka bar sauran a gida. In kuwa dole sai an tafi da duka, ka buɗe ka ɗauki hoton kowane aisi yadda lambobinsa za su karantu, har da lambar mako da shekarar ƙira, ka ɗiga musu jan farce a gefe don ka gane in an sauya su. Kada ka tura kuɗin oda sai ka ga kayan da idonka, kuma a mayar maka da tsohon da aka cire. Ranar karɓa ka sa wasa mai kiɗa a gabansa.

Abokina ya kira lambar, a kashe take, shafin ma an sauya masa suna. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda da rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarsu. Duk wanda mutumin nan ya taɓa yi wa haka, ya adana nasa rasit ɗin ya kai shi ma, don asusun da ya karɓi kuɗin yana da suna.