Mata Hari da Richard Sorge: wa ya cancanci sunan?

A wata majalisar shayi a Garwa ta ƙasar Kamaru, wani malamin tarihi ya ce mini Mata Hari ce kan gaba a leƙen asiri, ni kuwa na ce sam, Richard Sorge ne.

Mata Hari 'yar rawa ce daga Holan, wadda Faransa ta harbe a 1917 bisa zargin yi wa Jamus aiki, amma har yau masana na jayayya kan ko ta taɓa miƙa sirrin a zo a gani. Suna ta yi, kuma makarantunmu na Faransanci sun ƙara masa armashi.

Sorge kuwa ya zauna a Tokyo da rigar ɗan jaridar Jamus, ya shiga jikin jakadan Jamus Eugen Ott har yana ganin takardun ofishinsa, alhali Tarayyar Sobiyet yake yi wa aiki. A 1941 ya sanar da Mosko cewa Japan ba za ta kawo hari ta gabas ba, labarin da ya taimaka aka kwaso dakarun Saiberiya suka kare birnin Mosko daga harin Jamus. Abin da ke sosa mini rai shi ne, Japan ta rataye shi a 1944, waɗanda ya bauta wa kuwa ba su karrama shi ba sai 1964.