Rahoto Daga Santiago: Abin da Mai Ziyarar Ƙafa Yake Biya a Ranarsa ta Ƙarshe

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga bayanin da ka nema a kan masu ziyarar ƙafa da suke cika wannan birni na Santiago de Compostela, a arewa maso yammacin Sifaniya. Mafi yawansu Kiristoci ne da suke nufo babban cocin da suka yi imani kabarin Yaƙub, almajirin Annabi Isa (AS), yana cikinsa, kuma a 2024 kaɗai kusan mutum rabin miliyan ne suka karɓi takardar shaidar kammala tafiyar.

Waɗanda suka biyo hanyar Faransa, wato wadda take tasowa daga wajen iyakar Faransa, sukan yi kwanan ƙarshe a ƙauyen O Pedrouzo, kimanin kilomita 20 daga cocin. Masaukin gwamnatin yankin Galisiya yana karɓar Yuro 10 a kan gado mai hawa biyu da ruwan wanka mai zafi, sai dai ana rufe ƙofa da ƙarfe goma na dare, kuma ƙarfe takwas na safe ba za ta yi wa kowa a ciki ba. A wurinmu baƙo yana iya sauka a zauren mai unguwa ba tare da sisin kwabo ba, har a kawo masa tuwo. A nan kuwa sai ya nuna ɗan littafin da ake buga masa hatimi a hanya kafin a ba shi gado. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin gidan waya. Mutum zai bar jakarsa a masauki da sassafe, ya manna mata suna, ya tarar da ita ta riga shi isa masaukin gaba, a kan kuɗin da bai kai na gadon ba, babu ɗan dako, babu ciniki.

Hanyar kanta ba ta buƙatar ɗan jagora, domin kibiyoyi masu ruwan ɗorawa da duwatsun da aka rubuta wa sauran nisa suna kai mutum ta gefen filin jirgin sama na Lavacolla har tudun Monte do Gozo, inda ake fara hango hasumiyoyin cocin.

Abinci ne ke cin aljihu, kuma duk yadda ka matso kusa da dandalin Obradoiro da ke gaban cocin haka farashin yake hawa. Kwanon farko da na biyu da ɗan zaƙi, wanda suke kira abincin mai ziyara, yakan kama daga Yuro 12 zuwa 15, ba a tayi, ba a gyara. Musulmi dole ya tambaya kafin ya ci, saboda naman alade yana shiga miyarsu kuma giya tana cikin kuɗin tun asali. Ni na fi natsuwa da kifi da wainar ƙwai da dankali. Mai neman sauƙi gara ya nufi kasuwar Abastos ya sayi burodi da cuku.

Ba a shiga cocin da babbar jaka, don haka nan ma sai an biya kuɗin ajiya kafin addu'ar ƙarfe goma sha biyu na rana. Takardar shaidar kuwa, wadda ake rubutawa da Latin, kyauta ce ga wanda hatimansa suka nuna ya taka aƙalla kilomita 100 da ƙafarsa, ko 200 a kan keke. Ana karɓarta a ofishin da ke titin Carretas, inda kowa yake ɗaukar lamba ya jira a kira shi, ba a duba fuska ko muƙami. Wanda yake son a rubuta masa yawan nisan da ya yi zai ƙara Yuro 3.

Shekarar 2027 mai tsarki ce a wurinsu, tunda 25 ga Yuli, ranar bikin tunawa da Yaƙub, za ta faɗo ranar Lahadi, kuma a irin wannan shekara gado yakan yi wuyar samu a duk faɗin garin.