Garamond, Baskerville, Times ko Charis: wanne za ka zaɓa don dogon karatu?

In littafi za ka buga, ko wani dogon rubutu da mutum zai zauna da shi awa guda, salon haruffan da ka ɗauka shi ne zai hutar da idonsa ko ya gajiyar da shi. Maganata a kan haruffa ce masu 'yan ƙafafu a ƙarshen sandarsu, waɗanda masu ɗab'i ke kira serif. Kafin ka biya kuɗin lasisi, fara sanin inda za a karanta rubutun: takarda mai kyau, firintar ofis, ko fuskar waya.

Garamond na fi so, kuma ba na ɓoyewa. Sunan Claude Garamond ne, wanda ya sassaƙa haruffan ƙarfe a Paris a ƙarni na 16. Dubi ƙaramin "e" ɗinsa: idon ɗan ƙanƙane ne can sama, sauran jikin a buɗe. Dubi "d" da "h", sandarsu doguwa, cikinsu gajere. Wannan ke sa shafi ya sha iska, layi bai danne layi ba, ga shi ba ya cin takarda. Sai dai akwai tarko wajen saye. Ba duk mai wannan suna ne nasa ba. A 1926 Beatrice Warde, mai binciken tarihin ɗab'i, ta nuna cewa da yawa daga cikinsu aikin Jean Jannon ne, wani mai sassaƙa haruffa da ya zo bayansa. Garamond ɗin da ke zuwa da Microsoft Office daga wannan reshe yake, kuma siririn jiki gare shi. Adobe Garamond, wanda Robert Slimbach ya zana a 1989, ya fi nama, amma na kuɗi ne. EB Garamond kyauta ne, an ɗora shi kan wani samfurin ɗab'i na 1592. Kowanne ka ɗauka, ƙara masa girma kaɗan: abin da Times ke yi a girman harafi na 11, Garamond sai ya kai 12. A ƙaramar waya kuwa sirantarsa kan narke.

Baskerville ɗan gaye ne. John Baskerville na Birmingham ya fito da littafinsa na farko a 1757, kuma sai da ya nemi tawada mai baƙi sosai da takarda mai santsi, domin tsakanin kaurin harafinsa da sirantarsa akwai rata babba. Sharaɗin bai canza ba har yau. A takarda mai tsotse tawada ko firintar da ta gaji, siraran layukan sai su tsinke. In bugunka mai tsabta ne, ɗauke shi, yana da kwarjini.

Times New Roman kowa na da shi. An yi shi ne don jaridar The Times ta Landan a 1932, ƙarƙashin Stanley Morison, domin a cusa kalmomi da yawa cikin siririn gurbi. Don haka a matse yake. A wasiƙa ko rahoto ba laifi, amma a faffaɗan shafin littafi layin kan yi tsawo har ido ya ɓata hanyar komawa.

Wanda ba a cika ambata ba, kuma ya cancanci a duba, shi ne Charter na Matthew Carter, na 1987. An zana shi ne da raunanan firintoci a rai: ƙafafunsa kakkaura, lanƙwasarsa kaɗan, cikin haruffan a buɗe. A kansa ƙungiyar SIL, mai aiki kan harsunan duniya, ta gina Charis, wanda ake saukewa kyauta. Carter ɗin dai shi ya zana Georgia don fuskar kwamfuta, wanda Microsoft ya fitar a 1996. Georgia na da daɗin karatu, amma lambobinsa hawa da sauka suke, 3 da 9 su leƙa ƙasan layi, 6 da 8 su miƙe sama. A cikin labari abin sha'awa ne, a jadawalin lissafi kuma sai ya zama damuwa.

Ga abin da ba na yafewa. Kafin ka saya, rubuta "ɓarawo", "ɗaki", "ƙofa", manya da ƙanana, a tsaye da karkace da mai kauri. In salon ba shi da haruffa masu ƙugiya, kwamfuta za ta aro daga wani wuri ba tare da ta gaya maka ba, sai ka ga ƙ ɗaya ta yi tsuru a tsakiyar kalma, kaurinta daban, tsayinta daban. Charis da Gentium, wani salon na SIL ɗin, suna da su cikakku. Sauran, gwada da idonka, don bugun kowane kamfani daban yake.

Karanta lasisin kuma. Na kwamfuta daban, na shafin intanet daban, na littafin waya daban, kuma wani kamfanin kowane kaurin harafi sai ka saye shi shi kaɗai. Ni dai in littafin takarda ne Garamond nake fara gwadawa, in waya ce Charis. Buga shafi ɗaya na rubutunka da kowanne, a takardar da za ka yi aiki da ita, ka karanta shi da dare lokacin da idonka ya gaji.