Gidan Mutane, Hostal ko Haya: Ina Ɗalibi Zai Sauka a Ingila?

Da zarar biza ta fito, hankalin gida ya koma kan tikitin jirgi da rigunan sanyi, maganar masauki kuma a bar ta sai makon ƙarshe. Alhali bayan kuɗin makaranta babu abin da zai ci aljihu kamarsa. Zaɓin da ke gaban sabon ɗalibi uku ne: ɗakin kwanan ɗalibai, haya tare da wasu, ko zama a gidan wani iyali, abin da za ka gani a takardun makaranta da sunan homestay. Na ukun ne mutanenmu suka fi ƙarancin sani, kuma a ganina shi ya fi dacewa da watannin farko, matuƙar an iya zaɓe.

Hostal ba shi da dogon bayani. Kuɗin wuta, ruwa, ɗumama ɗaki da intanet duk suna cikin abin da ka biya, kuma yawanci kusa yake da aji. Aibinsa yarjejeniya: ta kan kai mako 40 zuwa 51, in ka sa hannu ka ɗaure kanka. Kicin na tarayya ne, firji ɗaya, ƙila naman alade a saman tukunyarka, ga hayaniyar daren Juma'a. Wanda ya sha hostal a jami'o'in gida ba zai ga baƙon abu ba, illa tsadar.

Haya da abokai ita ce ta fi arha idan an daɗe, amma ita ta fi wahalar samu daga nesa. Masu gida kan nemi wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar, mai albashi. Kuɗin wuta da gas a wuyanku suke, kuma a hunturu ba wasa ba ne. Abin daɗinta shi ne doka tana bayanka: tun 2019 an hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar a mafi yawan gidajen Ingila, kuma dole mai gida ya sa kuɗin a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ɗalibai masu cikakken karatu ba sa biyan harajin ƙaramar hukuma. Sai dai kada ka kuskura ka tura ko fam ɗaya don ɗakin da a hoto kawai ka gan shi a Facebook. 'Yan damfara sun san lokacin shigowar ɗalibai kamar yadda manomi ya san faɗuwar damina.

To, gidan mutane. Ana ba ka ɗaki da gado da teburin karatu, banɗaki galibi na tarayya. Farashi yana tafiya da abinci: akwai karin kumallo kaɗai, akwai karin kumallo da abincin dare, akwai mai sau uku, akwai kuma wanda za ka dafa da kanka. Ana biya mako-mako ko wata-wata, ba a cika neman mai tsaya maka ba, kuma kana iya ɗaukar wata biyu ko uku kawai. Wannan sassaucin shi ne babban abin da kake saye.

Ka sani tun farko, ciniki ne. Gwamnati ta yafe wa mai gida haraji a kan fam 7,500 a shekara idan ya ba da hayar ɗaki a gidan da yake zaune, shi ya sa da yawa suke yi. "Iyalin" ma ƙila wata dattijuwa ce da 'ya'yanta suka watse, ko ma'aurata da ba sa dawowa daga aiki sai dare. Kuma ba lallai Turawa ba ne. A Landan da Mancesta za ka iya faɗawa gidan 'yan asalin Pakistan, Jamaika ko Somaliya. Wanda ya je da tunanin za a karɓe shi irin karɓar baƙo a gida, a yanka kaza, a zauna hira har tsakar dare, zai sha mamaki.

Ga wani abu da dillalai ba sa son faɗa. Mai zama gida ɗaya da mai gida ba shi da kariyar ɗan haya. Ba dole ba ne a sa kuɗin ajiyarka a wancan asusun, kuma ana iya sallamarka da ɗan gajeren wa'adi ba tare da an je kotu ba. Don haka ka bi ta hannun makarantarka ko kamfanin da ta sani, wanda zai sauya maka gida in zama ya ƙi daɗi. Makarantun koyon Turanci da British Council, hukumar ilimi da al'adu ta Birtaniya, ta tantance ana duba har da gidajen da suke sauke ɗalibai. Iyaye kuma su lura: yaron da bai kai 16 ba, idan zai zauna kwana 28 ko fiye a gidan da ba na danginsa na kusa ba, doka ta ce sai an sanar da ƙaramar hukuma.

Abin da ke ɓata zaman ba manyan abubuwa ba ne. Buta ce. Banɗakin Bature ba a yi shi don a jiƙa ƙasa ba, babu magudana, wani tsohon gidan ma kafet ne shimfiɗe har gindin masai. Ka yi alwala sau biyar kana barin ruwa, kafin mako ya zagayo uwar gida ta fara ɗaure fuska, kai kuma ba ka san laifinka ba, don ba za ta faɗa maka kai tsaye ba. Maganinsa tawul ɗaya na musamman da goge wuri kafin ka fito. Sai kare, wanda a can ɗan gida ne, yana kwanciya a kujerar falo. Sai abincin dare da ake ci wajen ƙarfe shida ko bakwai, in ba za ka dawo ba a sa ran ka turo saƙo. Sai na'urar ɗumama gida da ke kashe kanta da dare, da wankin kaya da aka ƙayyade sau ɗaya a mako.

Duk waɗannan ana tambayarsu kafin a biya, kuma a rubuce. Akwai kare ko kyanwa? Za a dafa naman halal, ko in tsaya a kifi da ganye? Zan iya shiga kicin da asuba lokacin azumi? An yarda in dafa miyar daddawa? Kada ka yi dariya, ƙamshinta a gidan da tagoginsa ke rufe yana kwana biyu. Mace tana da damar neman gidan da babu baligin namiji. Kilishi kuwa a bar shi a gida, an hana shigo da nama daga ƙasashenmu.

Bayan gidan, duba unguwar a taswira. Ɗakin da ya yi arha a gefen Landan ƙila kuɗin jirgin ƙasa ya cinye rarar, ga tafiyar awa guda cikin duhu, don a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Nemi masallacin Juma'a ko coci mafi kusa, da shagon da za ka samu doya, manja da attarugu. Unguwar Peckham a kudancin Landan ta yi suna da 'yan Najeriya, Whitechapel na da babban masallacin gabashin Landan, titin Wilmslow a Mancesta cike yake da gidajen abincin halal.

A nan ne amfanin mai masauki yake fitowa. Shi zai nuna maka asibitin unguwa da za ka yi rajistar likita, bas ɗin da ya fi sauri, ranar da ake fitar da kwandon shara da wane launi ne na me, da ɗakin karatun unguwa inda kati kyauta ne. Maƙwabta ba sa leƙowa yi wa baƙo sannu da zuwa, amma in mai masauki ya ce musu "ɗalibinmu ne", washegari za ka ga an ɗaga maka hannu.

Ɗan digiri na biyu da ya saba da gidansa da iyalinsa, dokokin gidan wani za su ishe shi da wuri. Ya ɗauki wata ɗaya ko biyu, ya nemi haya da idonsa. Ɗan shekara 18 ko budurwar da ba ta taɓa barin gaban iyaye ba, zango guda cur a gidan mutane ya fi. Mai son jama'a da kusanci da aji, in aljihu zai ɗauka, ya kama hostal tun da wuri, don ɗakuna masu sauƙi suna ƙarewa kafin Satumba.