Mai gyaran famfo daga Bauchi zuwa Gombe: tashi gaba ɗaya ko raba ƙafa?

Malam, ka ce kana gyaran famfo da ɗan aikin wayarin a gidajen Bauchi, kana zaman kanka, yanzu kuma iyali za su koma Gombe. Ka tambaya ko ka kwashe kayan aiki ka rufe harkar Bauchi lokaci guda, ko kuwa ka riƙa zuwa kana dawowa har ƙafarka ta kafu. Mun auna hanyoyin biyu, ga abin da muka gani.

Akwai abin da ba zai canza ba ko wacce ka bi. Gombe daga jihar Bauchi aka cire ta a 1996, kuma kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke kula da jihohin biyu, saboda haka harkar mita da ƙa'idar wayarin iri ɗaya ce. In ka yi rajistar sunan sana'a da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta tarayya ce, adireshi kawai za ka sabunta. Haraji ne ke bin mazauni: ranar da ka zama ɗan Gombe, hukumar harajin Gombe za ka biya, kuɗin shago kuma na ƙaramar hukumar da ka sauka.

Wanda ya tashi gaba ɗaya ya samu abu guda da mai raba ƙafa ba zai samu ba: ana kiransa yana zuwa. Aikin gyara ba ya jira. Matar gidan da tankinta ke ambaliya da safe ba za ta saurari "sai Alhamis zan shigo gari" ba, wani za ta kira, kuma lambar wancan ce za ta zauna a wayarta. Amma farashin wannan hanya shi ne watannin farko na zaman kashe wando. Hayar gida da ta shago shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, alhali babu wanda ya san hannunka. In ba ka da abincin wata uku a ajiye, ban da kuɗin haya, kada ka bi ta nan. Ga kuma bashi: duk cikon da ba ka karɓa ba kafin motar kaya ta tashi, ka ɗauka rabinsa ya tafi, don mai bashi ganin ido yake jin kunya.

Mai raba ƙafa kuwa Bauchi ce ke ciyar da shi yana koyon Gombe. Tsakanin garuruwan kusan kilomita 150 ne ta Alkaleri, tafiyar da ake yi a wuni a dawo, sai dai kuɗin mota zuwa da dawowa zai iya cinye ladan ƙaramin aiki kamar canza kan famfo ko gyaran soket. Wannan hanya ba ta biya sai ka tara ayyuka a rana ɗaya ko biyu tsayayyu a mako, kwastoma ya san ranarka. Inda take lalacewa shi ne gyaran gyara. Ka haɗa bututu ranar Talata a unguwar Fadaman Mada ta Bauchi, ka kama hanya, daren nan gwiwar bututun ta fara ɗiga a cikin bango. Sau da yawa dalilin gaggawa ne: an saki ruwa gam bai kama ba, ko ba a goge bakin bututun ba kafin a shafa. Mai sauri ya kama motar yamma shi ya fi yin wannan kuskure. Maganinsa, kada ka rufe bango ko ka bar gida sai ka cika tanki, ka buɗe layin, ka kashe duk kawunan famfo, ka tsaya aƙalla rabin awa kana bin haɗi ɗaya-ɗaya da busasshen tsumma. Sannan lallai ka bar yaro ko abokin sana'a a Bauchi da zai amsa kiran gaggawa, ku yanke rabonsa tun farko, kada zumunci ya ɓaci a kan kuɗin aiki.

Kayan aiki ma sun bambanta hanyoyin. Mai tashi gaba ɗaya saiti ɗaya ya ishe shi. Mai raba ƙafa sai ya ninka ƙananan: sufana, filaya, zarto, tasta, abin yanka bututu. Manyan, irin injin huda bango da injin gasa bututun roba na PPR da tsani, su zauna a garin da babban aiki yake. Ba a yawo da su a but ɗin motar haya.

Abin da ya sa muka fi karkata ga raba ƙafa na ɗan lokaci shi ne ruwan Gombe, don ba irin na Bauchi ba ne, kuma koyonsa na son lokaci. Bauchi daga dam ɗin Gubi take sha, ƙasarta kuma dutse ce, rijiyar burtsatse ba ta cika yin zurfi sosai ba. Gombe daga Dadin Kowa ake turo mata, ƙasar rairayi ce, a unguwannin tudu ta wajen Tumfure ruwa na da nisa ƙwarai, gidaje da yawa da tanka da rijiyar ajiya ta ƙasa suke rayuwa. Wannan ya canza lissafi. Kowane mita 10 na tsawo yana cin kusan "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin turin ruwa, don haka sumo, injin da ake zurawa cikin rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya da ka saba sakawa a rijiyar mita 40 ba zai yi abin kirki a mai zurfin mita 150 ba. Ko ka sa babba, in wayar siririya ce wuta za ta ragu kafin ta isa ƙasa, injin ya yi zafi ya ƙone, a ce sabon mai gyara ne ya ɓata. Kafin ka faɗi farashi, ka tambayi zurfin rijiyar da inda ruwa ke tsayawa, ka duba takardar injin. Ka ƙware kuma a injin ɗaga ruwa daga rijiyar ajiya zuwa tankin sama, da makunnin da ke kashe shi in tanki ya cika, da bawul ɗin ƙasa da yashi ke hana shi rufewa. A unguwannin da ke bakin kwari, zaizayar damina na tone bututun da aka binne sama-sama, sai ka zurfafa rami fiye da yadda ka saba.

Neman kwastoma kuwa, ta kowace hanya ƙofa ɗaya ce: masu shagon kayan famfo da na lantarki, don su ake tambaya "ka san mai gyara?" Ka zaɓi shago biyu, ka riƙa saye a wurinsu da kuɗi hannu, ka bar lambarka. Sai birkiloli da masu tayil a sabbin unguwanni inda gini ke tashi, sai masu kula da gidajen haya. Ka gaida mai unguwa, ka nemi shugabannin masu sana'ar, don baƙon da ya karya farashi a makon farko ba ya samun mai ara masa tsani. Layin wayarka na da kada ka canza shi. Mutanen Bauchi suna da 'yan'uwa a Gombe, ta nan aikin farko yakan zo.

In kana da ɗan kwangila a Gombe da ya riga ya ba ka gida biyu ko uku, ga kuma guzurin wata uku, tashi gaba ɗaya. In babu, ka raba ƙafa amma ka sa mata wa'adi: wata uku, kowane mako kwana biyu a Bauchi, sauran a Gombe, ka karɓe bashi a cikin watan farko, ka miƙa ƙananan kwastomomi ga wanda ka bari. Shago kuma ya jira tukuna, babur da akwatin kaya sun isa har ka gane unguwar da kira ya fi fitowa. In da hali, ka sa ƙaurar ta faɗo farkon rani, lokacin da gini ke tafiya kuma injinan ruwa ke aiki ba hutu.