Hilux ko Land Cruiser: abin da taɓon Guri da yashin Yusufari suka nuna mini

Sana'ata haƙa rijiyar burtsatse ce da ɗora famfo mai aiki da hasken rana, kuma yawancin aikina yana ƙauyukan da kwalta ba ta je ba, daga fadamar Haɗejiya zuwa jigayin arewacin Yobe. Babbar motar injin haƙa labarinta daban ne. Maganata a yau kan ƙananan a-kori-kura ce masu jan ƙafa huɗu, waɗanda ke biye da ita da siminti, bututu, janareto, duro na ruwa da yaran aiki. Cikin shekara 11 na riƙe guda uku, biyu suna hannuna har yanzu. Da wuya mako ya wuce wani abokin sana'a bai kira ni yana tambayar wacce zai saya ba, kuma amsar ta fi ƙarfin kati na minti biyar.

Hilux na fara saya, ta hannu, a Kano. Ƙirar 2012 ce, cikin jerin da Toyota ta yi daga 2004 zuwa 2015, mai injin fetur na lita 2.7 da giyar hannu. Wannan injin, wanda makanikai ke kira 2TR, sarƙa ce ke juya masa tamin, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji. In dai kana yi masa juye a kan lokaci kana kakkaɓe matatar iska, ba ya neman komai a wurinka. Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne kayan gyara. Ba sai ka je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ba. A Nguru ko Gashuwa ma za ka samu abin da zai mayar da kai gida, kuma babu garejin da za ka shiga da ita a tsaya ana kallon injin kamar baƙo.

Sai dai mutanenmu suna zaluntar motar nan. An yi ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan buhu 20 ya riga ya cinye ƙarfinta tun direba bai zauna ba. Amma sai ka ga an jibga mata buhu 35, an ƙara ganyen sipirin biyu a baya, a ce ai yanzu ta zama jaka. Sipirin ɗin zai daina lanƙwasa, gaskiya ne, amma nauyin bai tafi ko'ina ba: ya koma kan shasi da boris na taya da birki. Ni buhu 14 nake sa mata idan da yara a baya, gara in yi sawu biyu. Ƙafar gabanta kuma kowace taya gashin kanta take ci, shi ya sa take da laushi a kan gargada, amma gaɓoɓinta suna da yawa. Akwai robar da ke rufe gaɓar sandar da ke juya tayar gaba. Kututture ɗaya ya yage ta, yashi ya shiga cikin giris, cikin 'yan makonni za ka fara jin ƙas-ƙas idan ka karya kwana. Duk juye sai na kwanta ƙarƙashinta da tocila na duba robobin nan huɗu da idona.

Land Cruiser ɗin daga baya ta zo. Irin mai gida ɗaya ce da dogon bodi, wadda ake kira 79, daga dangin da aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ba a sauya musu siffa sosai ba. Tawa mai injin dizal ce na lita 4.2, silinda shida a jere, 1HZ. Babu tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, babu kwamfutar da ke ba shi umarni, famfon mansa na ƙarfe ne zalla. A takarda ƙarfinsa doki 129 ne kawai, Hilux ɗin kuwa tana kusa da 160. Wanda ya tsaya a kan wannan lissafi zai ce Hilux ta fi. Bambancin shi ne 1HZ yana ba da ƙarfinsa tun injin yana gunaguni a ƙasa, ba sai ka taka totur ya yi kuka ba, kuma a cikin laka abin da ake nema ke nan.

Na ga haka a daminar 2022, shekarar da ruwa ya ci gonaki da gidaje a Jigawa. Muna da aiki a wani ƙauye ta wajen Guri, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa har ya malale kan turba. Hilux ce a gaba da bututu. Direbana ya bi sawun tarakta, sawun ya fi shi zurfi, cikin motar ya zauna daram a kan tudun tsakiya, tayoyi huɗu suna juyawa suna watsa baƙar laka ba tare da sun kama komai ba. Na sauko daga Land Cruiser, taɓo har gwiwa, na laluba cibiyar tayar gaba da hannu na murɗa makullin da ke haɗa tayar da ƙarfin inji, na zagaya na murɗa ɗayan. Na koma na ja ƙaramin sandan giya zuwa L4, wato giyar ƙafa huɗu mai ja da ƙarfi a hankali, na sa lamba biyu, na saki kuloci ban ko taɓa totur ba. Da siminti buhu 18 a bayanta ta ratsa gefen sawun tana tafiyar saniya, muka ɗaura igiya, ta tsamo Hilux da baya kamar ana zare ƙaya. Direban ya goge fuska da hula ya ce, "Alhaji, wannan ai ba mota ba ce, ingarma ce." Abin da ya raba su a ranar shi ne ƙafa. Gaba da bayan Land Cruiser kowanne sanda ɗaya ne na ƙarfe daga taya zuwa taya, idan taya ta hau tudu sai ta ɗaga cikin motar tare da ita.

A yashi kuwa labarin ya juya, kuma wannan ya ba ni mamaki da farko. Ta arewacin Yusufari, hanyar Tulo-Tulo, inda tuddan yashi ke binne turba cikin dare ɗaya, Hilux ta fi ba ni kwanciyar hankali. Ba ta da nauyi, injin fetur yana ɗaukar wuta da sauri, idan ka rage iskar taya zuwa wajen rabi ka shiga da gudu daidai, sai ta bi saman yashin. Land Cruiser da siraran tayoyinta da nauyinta, in ka yi kasalar sauka ka rage iska, haƙa take yi har ta zauna. In ka rage, za ta wuce, amma dole ka riƙe famfon iska a mota, domin babu mai faci a can. Ban yi mamaki ba da na ji direbobin Agadas masu bin hanyar Dirku da Libiya da Hilux suka fi dogara. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987 ma, wanda duniya ta laƙaba wa sunan Toyota, motocin nan biyu ne sojojin Chadi suka ratsa hamada da su.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci Land Cruiser daɗi gare ta. In babu kaya a bayanta, daga Haɗejiya zuwa Kano sai ka sauko kana dafa ƙugu. A kwalta ba ta da hanzari, wuce tirela sai ka yi lissafi tun daga nesa. Juya ta a lungu aiki ne. Tamin ɗinta bel ne, ana canza shi duk kilomita 100,000, kuma wanda ya yi wasa da wannan injin gaba ɗaya zai biya. Kuɗinta, ko ta hannu ce, zai saya maka Hilux har ka yi canji mai kauri. Sannan a wasu sassan arewa maso gabas tana jan ido fiye da yadda ɗan kasuwa yake so, a shingen bincike ma tambayoyinka sun fi na kowa yawa.

Ta ukun ita ce na rabu da ita, kuma har yau ina tuna daɗin tuƙinta. Dizal ce ta zamani mai tobo, sanyi kamar ɗakin otal, tana shan mai kaɗan, a kwalta babu wadda ke kama ƙurarta cikin biyun nan. Wata rana mai ya yanke mana a ƙauye, na sayi jarka biyu a wurin ɗan bumburutu. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba ta fara shessheƙa, fitila ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi wuce gudun keke, daga bisani ta mutu. Makanikin garin da muka ja ta zuwa dattijo ne da ya shekara yana kwance injin tirela. Ya tsiyayo man a kwalba ya ɗaga wa rana, ga ruwa nan kwance a ƙasa. Ya ce, "Alhaji, da tsohuwar taka ce, sai in zubar in wanke matata in buga mata famfo ka tafi. Wannan kuwa nozul ɗinta kwamfuta ke buɗe su, ba ni da na'urar da zan yi magana da ita." Gaskiya ya faɗa. Irin wannan injin yana tura mai da matsin da ya ninka na tsohon inji sau da yawa, ta ƙofofin nozul sirara kamar gashi, ɗigon ruwa ko ƙura ya isa ya cinye su. Sai da aka ɗora ta a bayan babbar mota zuwa Kano, ta yi mako uku, mutanen ƙauyen da muka yi wa alkawarin ruwa kafin azumi suka shiga azumi suna jan guga. Wannan ya fi kuɗin gyaran yi mini ciwo. Laifin na mai jarka ne, ba na motar ba, amma aikina ba ya rabuwa da man jarka.

Abokan sana'a da ke riƙe da Mitsubishi L200 suna yabon ta, ta fi sauƙin kuɗi, kuma na ga tana aikin da ba a raina ba. Ban riƙe ta da kaina ba, don haka a nan zan tsaya.

Ga wanda mota ɗaya zai iya saya, yana hawa kwalta yana sauka burji, Hilux ta fetur mai giyar hannu nake nuna masa, duk da yadda fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Wanda kuma rabin shekararsa a fadama take ƙarewa da lodi mai nauyi, ya daure ya tara kuɗin Land Cruiser. Kowacce ka zaɓa, in ta hannu ce, kada ka yarda da rubutun da ke jikin bodi. Akwai masu jan baya kaɗai da aka ɗaga su aka manna musu tambari, akwai kuma waɗanda aka cire wa sandar da ke kai ƙarfi gaba saboda ta lalace. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga sandar da idonka, ka duba shasi ko akwai sabon walda da aka shafe da baƙin fenti. Sannan ka ce wa dillali ku fita bayan gari inda akwai yashi, ka sa giyar ƙafa huɗu, ka sa wani ya tsaya a gefe ya ga ko tayoyin gaba suna watsa ƙasa. A kan kwalta ba a wannan gwajin, ba a ma tafiya da giyar a ɗaure, domin gaba da baya ba sa samun inda za su saki juna, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har wani abu ya karye.