Manhajar lissafin tafiyar jirgi: kilomitarta daidai, awanninta da sauran gyara

Na gwada wata manhaja mai lissafa nisa da tsawon lokacin tafiyar jirgin sama tsakanin birane. Amfani da ita ba wuya: ka rubuta haruffa uku na filin tashi da na filin sauka, kamar LHR na Landan da JFK na New York, sai ta ja layi a taswira ta fitar da adadi. Gara haruffan da sunan gari, domin Landan kaɗai filayenta sun fi biyar.

A wajen nisa ba ni da ta cewa. Landan zuwa New York ta ba da kusan kilomita 5,550, Singafo zuwa New York kuma sama da 15,300, kuma haka suke. Layin yakan lanƙwasa ya yi arewa, har mutum ya zaci kuskure ne, alhali duniya ce a dunƙule, lanƙwasar ita ce hanya mafi kusa. A dai duba ma'auni kafin a kwafi adadi, don milin da matuƙa jirgi ke aiki da shi kilomita 1.852 ne, na mota kuwa 1.609.

Lokaci ne inda gizo ke saƙar. Manhajar raba nisa take yi da gudun da aka sa mata, kusan kilomita 900 a awa, ta ɗora rabin awa na tashi da sauka. Shi ya sa tsakanin Landan da New York take ba da awa 6 da minti 40, ko zuwa ne ko dawowa duk ɗaya. A jadawalin kamfanoni kuwa zuwa New York kusan awa 8 ne, dawowa kusan 7. Dalili shi ne wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can inda jirage ke bi: mai tafiya gabas tana tura shi, mai tafiya yamma tana tokare shi, kuma ta fi tsanani da hunturu. A Fabrairun 2020 ta kai wani Boeing 747 na British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Ƙari a kan haka, agogon jadawali yana farawa ne tun jirgi ya bar wurin da yake fake, don haka jiran layi a titin tashi duk yana ciki.

Hanyoyin da aka rufe ma manhajar ba ta san da su ba. Tun 2022 jiragen Turai ke kewaye sararin Rasha, Helsinki zuwa Tokyo da ke cin kusan awa 9 ya koma kusan 13, ita kuwa tana nan kan tsohon layinta.

Mai son kwatanta nisa ko ya ga inda yada zango zai ƙara masa hanya, za ta yi masa aiki. Mai shirin kama jirgi na biyu kuwa ya ɗauki lokacin da ke kan tikiti, ya tuna cewa lokacin sauka da agogon garin da za a sauka aka rubuta shi.